Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Direban Da Ya Tambayi Wa Ke Da Ta Cewa A Kan Sitiyari

Assalamu alaikum, Malam.

Ka tambaye ni a filin rediyo cewa idan direba ya murɗa sitiyari dama, motar da ke taya shi tuƙi kuma ta ga hagu ne mafita, maganar wa za a bi. Lokaci ya ƙure mana ranar, shi ya sa na rubuto.

A motocin da ke kasuwa, maganarka ce a sama. Kwamfutar motar tana duban titi da kyamara da na'urar rada mai auna nisan abin da ke gabanta, tana zana hanyoyin da za a iya bi nan da 'yan daƙiƙu, ta zubar da duk wadda za ta kai ga karo, kuma tana maimaita wannan lissafi sau da dama a daƙiƙa guda. Muddin kana kan hanyar da ta amince da ita, ba ta sa baki. In ka fara kaucewa, sai ka ji sitiyarin ya ɗan yi tauri kamar wani ya dafa hannunka. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ƙarfin da za ka sa ka rinjaye ta kada ya wuce na ɗaga kimanin kilo biyar, kuma na ga dacewar hakan, domin kana iya hango ramin da kyamara ba ta gani ba.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da mota za ta mayar maka da ragama. A 2021 Jamus ta amince da tsarin Drive Pilot na Mercedes, wanda ya yarje wa direba ɗauke ido daga titi a cunkoso, a gudun da bai wuce kilomita 60 a awa ba, da sharaɗin ya karɓi tuƙi cikin daƙiƙa 10 in an kira shi. A wannan gudu, daƙiƙa 10 tafiyar kusan mita 167 ce, don haka dole motar ta tanadi hanyar da za ta rage gudu ta tsaya da kanta ko da bai amsa ba.

Ga misalin haɗarin dogara ga mutum a irin wannan lokaci: a Maris 2018, a garin Tempe na Amurka, motar gwaji mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta hango wata mata tana tura keke daƙiƙa 5.6 kafin ta buge ta, amma ta kasa tantance mene ne a gabanta. An kashe birkin gaggawa na motar, an dogara ga direbar da ke ciki, ita kuwa idonta na kan waya. Matar ta rasu.

Naka,
Malamin aikin injiniyan motoci