Godiya ga Masu Shagon Gyaran Kayan Lantarki na Gefen Babbar Kasuwar Garwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Maigida, da ku yaran shago, na rubuto wannan takarda a fili ne don jama'ar Garwa su san irin aikin da ke fitowa daga hannunku. Ni malami ne mai koyar da yaran unguwa da yamma. Abin da muka mallaka na koyon kwamfuta shi ne Raspberry Pi 4, 'yar ƙaramar kwamfutar nan ta Ingila da ba ta wuce tafin hannu ba, sai allon wata tsohuwar laftof da aka haɗa masa na'urar da ke karɓar hoto. Kowanne da cajarsa, ga wayoyi barkatai a ƙasa yara na tuntuɓe da su. Buƙatata ita ce adafta ɗaya ta ɗauki duka biyun.

Kafin ku taɓa komai sai da kuka zaunar da ni kuka yi mini bayani. Allon yana cin bolt 12 (bolt ma'aunin ƙarfin wuta ne), ita kuwa kwamfutar bolt 5.1 take so da amfiya 3 (ma'aunin yawan wutar da ke gudana), ta ƙofar caji ta USB-C. In aka kuskura aka ba ta 12 kai tsaye, ta ƙone ke nan. Sai kuka zaɓi adafta mai bolt 12 da amfiya 5, kuka raba wutarta kashi biyu: reshe ɗaya ya tafi allo, ɗayan ya bi ta 'yar na'urar da ke sauko da ƙarfin wuta kafin ya isa kwamfuta. Kuka sa fiyus tun daga tushe.

Abin da ya fi burge ni shi ne awon. Ƙaramin yaronku ya ɗora mita yana murza ɗan sukurun na'urar a hankali har lamba ta tsaya a 5.1, kwamfutar tana gefe ba a jona ta ba. Da aka jona aka kunna bidiyo, maigida ya ce a sake aunawa, amma a bakin kwamfutar, domin siririyar waya tana shanye wuta a hanya. Haka kuwa aka yi, lamba ta sauka. Nan take kuka cire wayar kuka sa gajera mai kauri, kuka liƙe da dalma. A wurinku na ji cewa idan wuta ta yi ƙasa da bolt 4.63 kwamfutar kan nuna gargaɗi, kuma irin wannan ƙarancin wutar yana iya lalata katin memori, wanda duk darussan yara a kansa suke. Da yawa za su ga allo ya kawo haske su karɓi kuɗi su sallami mutum.

Kun kuma yi la'akari da zafin garinmu. Wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu ya san ma'auni kan haura 40, don haka kuka manna wa na'urar sauko da wutar ɗan ƙarfen da ke zuƙe zafi, kuka huda akwatin ta gefe biyu iska ta riƙa ratsawa. Da na ambaci batirin sola saboda ranakun da babu wuta, kun gargaɗe ni cewa batir mai bolt 12 kan kai wajen 14 lokacin da yake caji, kada in jona allon kai tsaye sai na kawo kun sa masa abin daidaita wuta.

Kuɗin aiki kuwa, sefa kaɗan kuka karɓa, kuka ce na yara ne. Yanzu soket ɗaya muke amfani da shi, gargaɗin nan bai taɓa fitowa ba.

Allah ya sa albarka a sana'arku, ya ƙara kasuwa, ya raya yaran da kuke koya wa aiki.

Naku,
Malamin ajin yamma, Garwa