Takardar Koke Ga Mai Martaba Sarkin Kano Kan Abin Da Ya Rage Na Badala Da Ƙofofinta

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Kano,
Ta hannun masu unguwanninmu, dagatai da hakimai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya taimaki Sarki, Allah ya ja zamanin San Kano. Bayan gaisuwa da biyayya irin ta talakawa ga uban ƙasa, mu ne mazauna unguwannin da ke jingine da badala, tun daga Ɗan'agundi da Ƙofar Na'isa, zuwa Gadon Ƙaya da Dukawuya, har Kabuga. A cikinmu akwai dattawa da limamai da malaman makaranta da magina, akwai kuma 'ya'yan gidajen sarakunan ƙofa. Mun daɗe muna tauna maganar nan a bakin masallaci da majalisun dare, har muka gane cewa gunaguni a zaure ba ya tsayar da katafila. Shi ya sa muka kawo kuka inda ake share hawaye.

Ranka ya daɗe, ba za mu koya wa fada tarihinta ba, amma dole mai kuka ya ambaci abin da yake yi wa kukan. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwar nan. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a zamaninsa, tsakanin 1463 da 1499, Muhammadu Nazaki ma ya ƙara a ƙarni na 17. Da Turawa suka zo a 1903, Gwamna Lugga da kansa ya rubuta cewa tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta ƙafa 40, kuma bai ga irinta ba a Afirka. Wanda ya zo cin gari ne ya yi wannan shaida, ba maroƙi ba. Igwarsu ta huda ta a waje ɗaya suka shiga, suka bar sauran a tsaye. Abin da igwa ba ta yi ba, shi muke yi yau da shebur da tifa.

Yawancinmu mun ga faɗuwar Ƙofar Na'isa da idonmu a 2010, lokacin da aka rushe ta don faɗaɗa titi. Ƙofar da ta yi ɗaruruwan shekaru ana shiga ana fita, ba ta ɗauki injin wani dogon lokaci ba. Daga baya an sake gina wata a gurbinta, mun gode, amma kowa ya san ba ita ba ce. Wadda muka sani tana da sanyi a cikinta ko da rana ta take, masu kai kaya kan tsaya su sauke numfashi, tsofaffi su zauna a gindinta suna jan carbi. Haka aka yi wa ƙofofi da dama: an ɗaga su, an faɗaɗa su, an yi musu siminti da fenti mai launin ƙasa, wasu gada ta haye kansu, wasu titi ya bi ta ƙarƙashinsu. Yaron da aka haifa yanzu, in ka nuna masa Ƙofar Nassarawa ko Kabuga ka ce nan ake rufe gari da almuru, kallonka zai yi kawai, don bai ga abin da za a rufe ba. In yana son ganin ƙyauren ƙarfen da ake turawa, sai an kai shi Gidan Makama.

Ba mu ƙi titi ba, Allah ya ba ka nasara. Mu ma muna hawa Adaidaita Sahu, mun san cunkoso, mun san abin da mai kai mara lafiya asibiti yake ji in hanya ta toshe. Abin da muke cewa shi ne, ana iya huda hanya a gefe a bar tsohuwar ƙofa a tsaye, mota ta zagaye ta. Wannan ba sabon tunani ba ne a Kano, ai Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo ma don buƙatar zamani aka huda su.

Akwai wanda ya girmi wannan. Tsohon masallacin Juma'a na ginin ƙasa, mai doguwar hasumiya, wanda aka sauke a tsakiyar ƙarnin da ya wuce aka gina na yanzu, ba mu da shi sai a tsofaffin hotunan Turawa. Ba mu ce an yi laifi ba, jama'a sun yi yawa, kuma masallacin da muke sallah a ciki abin alfahari ne. Amma da an bar ko da hasumiyar, da yau jikokinmu sun ga yadda magabata suke ɗaga ƙasa ta kai sama ba rodi ba kankare.

To ƙofa ma ta fi sa'a, don in an taɓa ta gari kan ɗauka. Ita badala a ɓoye ake cin ta, guntu-guntu. Bari mu faɗi wanda ya sa muka ɗauki alƙalami. A bayan unguwar wasu daga cikinmu akwai wani yanki da ya rage, mai tsawon kamar gidaje uku a jere, inda muka taso muna hawa da yamma muna hango Goron Dutse. Wani dare bayan sallar isha'i aka ji ƙarar injin. Kafin asuba tifa ta yi sawu da yawa. Da gari ya waye sai fili fetal, an kafa turaku, an ja igiya, bulo ya fara sauka. Muka tambaya, aka ce wani mai hali ne, kuma yana da takarda. Wane ne ya ba shi, da wane iko, har yau ba a ce mana ba. Wani dattijo a cikinmu, magini ne tun yana yaro, ya sunkuya a cikin ɓaraguzan ya ɗauko tubali ɗaya da bai fashe ba. Ya goge shi da bakin rigarsa, ya nuna mana shatin yatsun wanda ya mulmula shi, ga ciyawar da aka cuɗa da ƙasar tana nan a ciki. Ya sa yatsunsa a gurbin, suka zauna daidai. Bai ce komai ba, ya tafi da shi gida. Yanzu shaguna ne a wurin, ɗaya ana sayar da taya.

Mun kuma san ba baƙi kaɗai ke da laifi ba, kuma ba za mu zo gaban Sarki da rabin gaskiya ba. Mu ne muke aiken yara su ɗebo ƙasar badala in za mu yi yaɓe ko cikon tsakar gida. Mu ne muka mai da gindinta juji da makewayi. Akwai a cikinmu wanda ya ja katangar gidansa ta haɗe da ita, ya sami ɗaki a bagas. Kududdufan da ke gefenta, waɗanda daga nan aka haƙi ƙasar ginin kuma su ke shanye ruwan damina, an cike su an yi filaye, yanzu ruwan ya rasa wurin zuwa sai cikin gidajenmu da gindin ganuwar. In bera da sata, daddawa ma da wari.

Ginin ƙasa kuwa ba ya son sakaci. Magina sun sani, damina ɗaya in ba a duba indararo ba, ba a toshe tsaga ba, ta biyu sai dai labari. Abin da ya faru a Zariya a watan Agusta na 2023, da wani sashe na masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina ya rufta kan masallata aka rasa rayuka, ya girgiza mu ƙwarai. Allah ya jiƙan su. A da, gyaran ganuwa aikin gayya ne, kowace unguwa ta san rabonta bayan an sauke damina. Da aka bar wannan, aka bar komai.

A takarda dai badala tana da gata. Tuni aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta hana taɓawa, a 2007 kuma aka shigar da ita jerin farko na wuraren da ake nema wa shaidar UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tare da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa. Amma takarda tana ofis, katafila tana bakin ganuwa da dare. Abin da talaka ke jin nauyinsa shi ne a ce Sarki ya ce.

Don haka muke roƙo, Allah ya ƙara maka imani, a umarci masu unguwanni da dagatai kada wanda ya sa hannu ko ya yi shaida a cinikin fili da ya taɓa badala ko kududdufinta, wanda ya yi kuma a kira shi fada. Wannan shi ne babban roƙonmu, don ba a sayar da fili a unguwa mai unguwa bai sani ba. Muna roƙon a mayar wa sarakunan ƙofa aikinsu, kowa ya san iyakar yankin da ke wuyansa, ya riƙa zagayawa yana kawo rahoto. Sarautar tana nan, gidajen suna nan, aikin ne ya ɓace. Muna kuma roƙon Sarki ya yi magana da gwamnati da hukumar kayan tarihi ta ƙasa a fito a auna abin da ya rage, a kafa alama da kowa zai gani, a daina ba da takardar fili a cikinsa, kuma duk aikin titin da zai zo nan gaba a zauna da fada kafin injin ya iso, ba bayan ƙura ta lafa ba.

Na ƙarshe namu ne. In Sarki ya sa rana, ya tura Sarkin Magina ya ja gaba, mun yi alkawarin fito da samarinmu aikin gayya bayan damina, mu kwashe sharar, mu kwaɓa ƙasa, mu yi yaɓe a yankin da ke bayan gidajenmu. Tsofaffin maginan da suka iya tubali da makuba ba su da yawa yanzu, kuma kullum raguwa suke yi. Muna so yaranmu su riƙe musu kwarya tun suna da ƙarfin nunawa.

Muna tare da hotunan wurin da aka rushe, na da da na yanzu, da tubalin da dattijon nan ya ɗauka. Duk ranar da aka neme mu, za mu zo da su fada.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Talakawanka masu biyayya,
Mazauna unguwannin bakin badala, daga Ɗan'agundi zuwa Kabuga.