Ta kwashe mini labari, wai kuma ta ba da haƙuri

Assalamu alaikum Anti, ya aiki? Don Allah a sakaya sunana.

Ni marubuciya ce, kuma tun shekaranjiya ban runtsa ba. Wata ƙawata, ko in ce wadda na ɗauka ƙawa, ta fitar da littafi ana ta yaba mata. Ina buɗewa na ga labarina. Ba wai kama suka yi ba Anti, shi ɗin ne. Wurin da uwar yarinyar ke ɓoye wasiƙu a cikin matashin kai yana nan, har wani kuskuren rubutu da na yi a babi na uku ta kwafe shi yadda yake. Sunaye kawai ta canza.

Ni na tura mata rubutun ta duba mini, don a lokacin wayata na ba ni matsala, ina tsoron ya ɓace, kuma dama mun saba, ita ma takan turo mini nata, ko da yake nata gyara yake sha a hannuna ba kaɗan ba.

Da magana ta fito sai ta hau Facebook ta rubuta wai idan akwai wanda rubutunta ya ɓata wa rai ya yi haƙuri, ɗan Adam ajizi ne, tunani kan zo ɗaya. Babu sunana, babu abin da ta aikata, littafin kuma yana nan ana saye. Mutane suka cika ta da addu'a wai ta yi tawali'u. Ni kuma na zama mai hassada. Alhali ban zage ta ba, hotunan shafukan kawai na jera gefe da gefe, na rubuta kalma ɗaya a kai, kuma kalmar gaskiya ce.

Abin da ke ƙona mini rai, wanda ya tace mata littafin ya kira ni. Cewa ya yi bai bincika ba, laifinsa ne, zai sa a cire sunansa, me nake so ya yi mini? Wallahi nan take na huce da shi. Ita da ta yi satar ta kasa faɗar haka. Ko Alex Haley, mai littafin Roots, da wani marubuci mai suna Harold Courlander ya kai shi kotu a Amurka, a 1978 ya amsa cewa wasu sassan littafin mutumin sun shiga nasa, ya kuma biya dala 650,000. Ni ba kuɗinta nake so ba.

Na manta ban faɗa miki ba, daren jiya ta turo saƙon murya tana kuka, wai in rufa mata asiri kamar yadda Allah ya rufa mini. Ko a nan ba ta ce ta ɗauka ba. Manyan ƙungiyarmu ta marubuta sun matsa mini in fito in ce na yafe, maganar ta mutu. Idan na faɗa da baki alhali zuciyata ba ta yarda ba, ban yi ƙarya ba?

Sannan Anti, nawa littafin saura babi biyu in kammala. In na fitar da shi yanzu, ni za a ce na kwafi nata. In ƙarasa shi ko in haƙura?

Taki,
wata mai sauraronki