Kar a ƙarar da kuɗi kan furosesa

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni fili in ja kunnen masu haɗa kwamfutar gem. Kowa ka taɓa sai ya ce shi furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) mafi tsada yake so, alhali yawancin gem koa (sassan da ke raba aiki a cikin furosesa) shida ko takwas sun ishe su. Ni kaina na yi wannan wautar, na zuba kuɗina kan furosesa na ɓige da ƙaramin katin girafik (mai sarrafa hoton gem), hoto na ta sarƙewa fanka na ihu kamar zai tashi sama. In a 4K (hoto mai tsananin tsabta) kake bugawa ai katin ne ke shan wahalar. Furosesan nan Ryzen 7 7800X3D ma koa takwas ne kacal, L3 ɗinsa (ma'ajiyar gaggawa da ke cikin furosesa) mai 96MB ne sirrin gudunsa, amma fa ba ya aiki sai da ram (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) samfurin DDR5, a sa wannan a lissafi.

Naku mai karatu