Zuwa ga Abba, game da faifan yuro biyu

Assalamu alaikum Abba,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya sanyin Leipzig can Jamus? Mamanka ta nuna mini hoton kwalin faifan CD da ka kwaso a kasuwar gwanjo, yuro bibbiyu, da tambayarka ko ka yi asara. Dariya na yi, don da irin kwalin nan na fara, lokacin ina ɗalibi a Ingila, kuɗin aljihuna ko na burodi bai kai ba.

Na san za ka ce araha ba ta ado. A kan takalmi gaskiya ne, amma faifan kiɗan biyolin, wato gogen Turawa, da okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa, ba haka yake ba. Kafin ka yanke wa faifai hukunci, ka fara gano abin da ya sa ya yi araha.

Wani tsufa ne kawai ya karya masa farashi. A Turai, yawancin abin da aka fitar kafin 1963 haƙƙin mallakar ɗaukarsa ya ƙare, kowa na iya bugawa ya sayar. Shi ya sa za ka ga manyan gwanayen biyolin irin su Jascha Heifetz ko David Oistrakh a kuɗin shayi. Heifetz ya ɗauki konsaton da Brahms ya rubuta, wato kiɗan biyolin ɗaya tare da okestira, da okestirar Chicago a 1955, Fritz Reiner na jagoranci, har gobe ba a gama maganarsa ba. Sai dai a nan ne ake cin mutum. Kamfanin da ke riƙe da tef na asali, in ya sake bugawa, sautin na fita da jikinsa. Wasu kuwa daga tsohon faifan garmaho suke kwafa, su goge ƙarar allura da na'ura har su haɗa da zaƙin tsirkiyar, biyolin ya koma kamar ana busa shi ta cikin kwalba. Ni gara in ji ɗan "shuuu" a bayan kiɗa da a ba ni sauti wankakke marar rai. Juya bayan kwalin: in an rubuta shekara da wurin ɗauka, an ɗan mutunta ka. Haruffan nan uku, AAD ko ADD ko DDD, hanyar ɗauka kawai suke nunawa, ba gwanintar makaɗi ba.

Wani kuma tun asali don talaka aka yi shi. Klaus Heymann ya kafa kamfanin buga faifai na Naxos a Hong Kong a 1987, ya ɗauko makaɗan gabashin Turai, irin na Bratislava, ya biya su kuɗin aikinsu a dunƙule, bai bi manyan sunaye ba. Matarsa, Takako Nishizaki, ’yar Japan, ita ta goga masa da yawa daga cikin na farko. Ba duka ne suka burge ni ba, wani lokaci okestirar kan yi sanyin jiki, amma aikin gaskiya ne, da sunayen mutanen da suka rayu a duniya da gaske.

Na faɗi haka ne don akwai waɗanda ba su taɓa rayuwa ba. Na hango Alberto Lizzio a jikin faifai biyu cikin hotonka. Babu wani jagoran makaɗa mai wannan suna, ƙirƙirarsa aka yi aka manna wa tsofaffin kaɗe-kaɗe. Ni ma na yi shekaru ina yabonsa a gaban abokai kafin in sani. Kiɗan kansa wani lokaci ba laifi, ka saurara abinka, kada dai ka kafa hujja da shi.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Mu da muka tashi da jin goge a wuraren biki, kunnenmu kan bi mai izga ne, masu ƙwarya kuwa rakiya suke yi. Konsato zance ne tsakanin mutum ɗaya da mutum sittin ko fiye, kuma faifan banza a wajen su sittin ɗin yake tona kansa. Sa na Beethoven, wanda ya rubuta a 1806. Da bugun tambari a hankali yake buɗewa, kuma sai an yi kamar minti uku biyolin bai ce uffan ba. In bugun nan ya fito kamar ana ƙwanƙwasa kwali, ko ka ƙosa kafin mai biyolin ya shigo, ka riga ka samu amsa. A na Brahms, tsallaka zuwa kashi na biyu: obo, ’yar uwar algaita mai sanyin murya, ita ke ɗauke da waƙar tsawon lokaci mai biyolin na tsaye yana jira. In an tura ta can ƙuryar ɗaki, shi kuma an kawo shi bakin makirfo har kana jin numfashinsa, an raba ka da rabin abin da ka saya. Ko Heifetz ɗin da nake yabo, sau da yawa an matso da shi kusa fiye da kima, na yafe masa ne don hannunsa. A na Mendelssohn kuma, ƙarshen kashin farko, wata busa mai kauri, basun, takan riƙe sauti guda ta haɗa shi da kashi na biyu. Na taɓa samun faifan da ya sa shiru na daƙiƙa biyu a daidai wurin. Ranar na kyautar da shi.

Ka kuma duba tsawon minti. A na Tchaikovsky, tsofaffin gwanaye da yawa sukan yanke wasu wurare a kashin ƙarshe, al'adar zamaninsu ce, amma ya kamata ka san an yanke.

Abin da ya fi ba ni haushi da kai, kana zaune a garin da aka fara kaɗa na Mendelssohn a 1845, da na Brahms ranar 1 ga Janairun 1879, okestirar Gewandhaus ɗin da ta kaɗa su tana nan tana aiki, kai kana tonon kwali. Ka tambayi tikitin ɗalibai ka shiga ko sau ɗaya, ka ji ƙanƙantar biyolin guda a cikin zaure da yadda duk da haka yake ratsowa. Da wannan za ka riƙa auna faifanka.

In ka ga Oistrakh yana kaɗa Sibelius, ka saya mini, zan biya ka. Mamanka ta ce ka riƙa sa hular sanyi. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka