Zuwa ga ɗana, kan maganar halwa da hadimi

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Innarka ta gaya mini hirar da kuka yi a waya, wai akwai wani malami da ya ce zai sa ka halwar kwana arba'in ka samu hadimi, wato aljanin da zai dinga yi maka aiki, har ya zana maka hatimi ya ce ka sayo turaren jawi da baƙin zakara.

Ni ba na cikin masu cewa duk abin da malamai ke yi tsubbu ne, a'a, rubutun sha kai ma ka sha shi kana yaro, ayoyin Alƙur'ani ne aka wanke daga allo. Hatimin nan mai gida tara ma da ake zuba 1 zuwa 9 kowane layi ya tashi 15, ai lissafi ne kawai. Inda gizo ke saƙa shi ne sunayen da za a ba ka ka dinga kira cikin dare, ba Larabci ba ba Hausa ba, shi kansa malamin in ka matsa masa ba zai iya faɗa maka ma'anarsu ba, sai kuma jinin zakaran, wa za a zubar wa? Ka tambaye shi wannan ka kalli fuskarsa.

Ka buɗe Suratul Jinni aya ta 6, mutane ne suka nemi tsari wurin aljanu sai aljanun suka ƙara musu wahala. Ka koma Baƙara aya ta 102, abin da aka koya wurin Haruta da Maruta a Babila shi ne raba miji da mata, wato farraƙun nan da kake ji. Na san za ka ce kai taimakon mutane kawai za ka yi, kowa da haka yake farawa, amma masu zuwa wurin mai hadimi ba lafiyar jiki ke kawo yawancinsu ba, wannan mallaka take so, wancan so yake a yi wa abokin kasuwarsa kurciya ya bar gari, kuma da kuɗi a hannu suke zuwa, ranar da gidanka babu na cefane yaya za ka yi?

Ga kuma kanka. Mutum ya kulle a ɗaki mai duhu ba barci ba abincin kirki sati da sati, dole ya fara jin muryoyi, shi yana murna wai rauhani ya zo alhali ƙwaƙwalwa ce ke taɓuwa. Na ga samari masu kaifin karatu da suka ƙare a haka, iyayensu na yawo da su tsakanin asibiti da gidan ruƙiyya.

Shehunan Ƙadiriyya da Tijjaniyya su ma suna shiga halwa, amma istigfari da salati da hailala suke yi, don su karya zuciyarsu ne ba don su mallaki wani ba. In kana so ka gane ko kana ci gaba a addini, duba sallar asubarka a jam'i, duba ko fushinka ya ragu.

Yanzu dai kar ka yanka komai, kar ka ba shi ko sisi. Ka ɗauki hoton hatimin ka turo mini ta WhatsApp in kai wa kawunka ya duba, ranar Juma'a bayan masallaci zan kira ka.

Mahaifinka