Wasiƙa daga Sakkwato: tausayin da ba ya cinye mai shi

Sakkwato, Nijeriya.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan sai godiya. Hazo ya sauko da wuri bana, ɗakin jinyar da nake aiki ya cika da masu tari da asma. Inna tana gaishe ka, ta ce wai in tambaye ka ko har yanzu shinkafa ce safe da dare a Tailan ɗin.

Na ga abin da ka rubuto kan abokan karatunka mabiya Buda, masu zama shiru su lumshe ido kafin su shiga aiki, da yadda zuciyarka ba ta kwanta da abin ba. Na fahimce ka. Mu da muka tashi a garin Shehu ba ma neman addini a wurin kowa. Amma akwai binciken da masana ƙwaƙwalwa suka yi a kan waɗannan mutane, kuma wani yanki nasa ya shafi aikina da naka kai tsaye.

Tun 1987 Dalai Lama, jagoran mabiya Buda na Tibet da ya yi gudun hijira zuwa Indiya a 1959, ya fara zama da masana kimiyya a garin Daramsala, cikinsu har da Francisco Varela ɗan ƙasar Cile. A 2004 ɗakin binciken Richard Davidson a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka ya fitar da sakamakon da ya yi tashe. Sun manna wayoyi a kawunan mutum 8 da suka shafe awa 10,000 zuwa 50,000 suna wannan zama, suka ce su cika zuciyarsu da tausayi, sai aka ga igiyar lantarkin ƙwaƙwalwa da ake kira gama ta tashi fiye da ta ɗaliban da aka gwada su da su. Jaridu suka yi ta kururuwa. Ni dai mutum 8 ba su isa in kafa hujja da su ba.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne aikin Tania Singer, Bajamushiya da ta yi bincike a Laifzig. Ta sa Matthieu Ricard, Bafaranshen da ya yi digirin dakta a kimiyyar ƙwayoyin gado kafin ya koma zaman ibadar mabiya Buda a tsaunukan Himalaya, cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Aka ce ya tuno marayun Romaniya da ya gani a talabijin, ya ji zafin da suke ji kawai, kada ya ƙara komai. Ba a jima ba ya galabaita. Da ya koma irin zamansa na yi musu fatan alheri da ƙudurin taimaka musu, sai ƙarfinsa ya dawo, alhali hoton yaran bai bar zuciyarsa ba. Daga baya Singer da Olga Klimecki suka horar da mutanen da ba su taɓa wannan zama ba, suka tarar hanyoyi biyu ne dabam a ƙwaƙwalwa. Ɗaukar zafin wani a ka yana tayar da sassan da ke aiki in kai kanka kana jin ciwo, yana kuma ƙara ƙunci. Fatan alheri da niyyar taimako kuwa yana tayar da sassan da ke tafiya da ƙauna da daɗin rai.

Ka san ɗakin jinyarmu. Sabuwar nas za ta zo da zuciya ɗanya, yaro ya rasu a hannunta, ta shiga bayan gida ta yi kuka, ta kasa cin abinci. Bayan 'yan shekaru sai ka tarar da ita tana daka wa majinyata tsawa, mutanen gari suna cewa ma'aikatan asibiti ba su da imani. Na daɗe ina ganin wannan, kuma bayanin Singer shi ne na farko da ya gamsar da ni: wadda ba a koya mata yadda za ta tsaya gaban wahala ba tare da wahalar ta haɗiye ta ba, dole wata rana ta rufe ƙofar gaba ɗaya don ta tsira. A makarantar koyon jinya an koya mana sa allura da ɗaura ruwa, ba wanda ya zauna da mu a kan wannan.

Yadda suke horon ba wani abin ɓoye ba ne. Mutum zai fara da kansa da wanda yake ƙauna, yana maimaita fatan ya samu lafiya ya rabu da wahala, sannan ya wuce zuwa wanda bai dame shi ba, sannan wanda suke gaba da shi, har ya game dukkan mai rai. Da na karanta sai na tuna tsoffin Ƙadirawan unguwarmu da wuridinsu na bayan asuba, da addu'ar da muke yi wa al'umma baki ɗaya. Ban ce ɗaya suke ba, aƙida ta raba su nesa. Abin da na ɗauka shi ne zuciya tana karɓar horo in an dage mata kullum, kuma wannan malamanmu sun riga kowa faɗa mana.

Kada dai ka ɗauka an gama magana. A 2013 an yi wani gwaji a Boston: bayan mako 8 na horo, kusan rabin waɗanda aka horar sun tashi sun ba mai sandar guragu kujerarsu a ɗakin jira, a cikin waɗanda ba a horar ba kuwa kashi 15 cikin 100 ne kawai. Ya yi daɗin ji. Sai dai a 2018 wasu masana suka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje, suka ga amfanin ya fi fitowa inda malamin horon yana cikin marubutan binciken. Mai kaya ba ya kushe kayansa.

Hoton bishiyar da ka turo, wadda aka ɗaura wa yadi ruwan lemo, na gane ta. Malaman mabiya Buda na arewacin Tailan sun fara haka tun wajen ƙarshen shekarun 1980, suna yi wa bishiya naɗi irin na malami don masu sara su ji nauyin taɓa ta. Tushen abin a koyarwarsu shi ne babu abin da ke tsaye shi kaɗai, kowane abu ya rataya ne da wani. A nan kimiyya ta ba su gaskiya ta hanyar da ta ba ni mamaki. Hazon nan da ke shaƙe mu, yawancinsa daga kwarin Bodele na Cadi yake tasowa, inda tsohon tafki ya ƙafe. Iska tana kwasar irin wannan ƙura ta tsallaka Tekun Atilantika da ita. Masana a NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, sun ƙiyasta a 2015 cewa sama da tan miliyan 27 na ƙurar Sahara ke sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka duk shekara, da kimanin tan 22,000 na fosforas, wanda taki ne ga dajin.

Amma mu nan ɗaura wa gawo yadi ba zai hana a sare shi ba. Hadisin da ya ce duk wanda ya dasa bishiya, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, an rubuta masa sadaka, kowane ɗan makarantar Islamiyya ya san shi. Duk da haka motocin itace ba su fasa shigowa gari ba, hamada kuma tana matsowa ta wajen Illela da Gada. Matar da iskar gas ta fi ƙarfin aljihun mijinta da itace za ta dafa tuwo, ko wane wa'azi aka yi mata.

Ga roƙona. In ka shiga asibitin da kuke koyon aiki, tambayar mini ma'aikatan jinyarsu ko suna wannan zama a lokacin aiki, minti nawa, kuma ko hukumar asibiti ce ta tsara ko kowa da kansa yake yi. Ina so in kai wa shugabar ɗakinmu shawarar a ware wa sababbin ma'aikata ɗan lokaci bayan an yi rashi, da addu'a da tattaunawa irin tamu, kuma ba na so in je mata hannu rabbana.

Albasa ta yi kyau a fadama bana, ƙanenka ya ce in gaya maka ya biya kuɗin taki. Ka gaida mutanen Nijeriya da kuke tare. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, ya dawo mana da kai lafiya.

Naka,
Amininka na Sakkwato.